Umma na karɓar kemo, likita ya ce ta riƙa tattaki: ba zai cutar da ita ba?

"Assalamu alaikum. Ummanmu shekarunta 54. Wata uku ke nan da aka cire mata nonon hagu saboda kansa, aka haɗa da kaluluwar hammata. Yanzu duk sati uku muke kai ta a yi mata kemo, an yi biyu saura huɗu, daga nan a tura mu gashi. Likita ya ce ta riƙa tattaki, amma gwaggonninmu sun ce sam, motsi yana sa daji ya bazu, mai wannan ciwo hutu yake so. Ko buta ba a barinta ta ɗauka. Ni kuma gani nake kullum ƙara laushi take yi, yanzu sai an kama ta take tashi daga tabarma. Don Allah wanne za mu bi? In za ta motsa, me za ta yi, me za ta guje wa?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: ko motsi yana ƙara wa mai kansa ciwo, da kuma yadda za a yi shi ba tare da an jawo wata matsalar ba. Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, sashen da mutane ke ce wa gashin ƙashi, wanda ya bambanta da gashin haske da za a tura ku bayan kemo. Mata irin Umma suna cikin waɗanda na fi gani a wurin aiki. Amsata ita ce ku bi maganar likita. Laushin nan da kike gani, kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin kansa, yana da nasa kason a ciki, amma tabarmar ma tana da nata, kuma kason tabarma shi ne wanda ke hannunku.

Kada ki ga laifin gwaggonninki. Ƙauna ce ta sa su, kuma abin da suke faɗa shi likitoci da kansu suka daɗe suna faɗa. Har zuwa shekarun 1980, a Turai da Amurka ma, shawarar da ake ba mai karɓar kemo ita ce ya kwanta ya adana ƙarfinsa. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Jihar Ohayo, Maryl Winningham da Mary MacVicar, su suka fara gwada akasin haka. Suka ɗora mata masu kansar nono a kan keken motsa jiki sau uku a sati alhali suna tsakiyar kemo, suka fitar da sakamakon a 1988 da 1989: matan sun ƙara ƙarfi, tashin zuciyarsu ya ragu. Daga nan bincike ya yi ta biyo baya, har a 2010 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta tara masana suka fitar da shawara ga masu kansa, wadda jigonta shi ne a guji zama ba motsi. A 2022 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, ta ce likita ya riƙa umartar wanda ake yi wa maganin kansa da nufin warkewa ya motsa jiki yana cikin karɓar maganin, kada ya jira a gama.

Batun cewa motsi yana baza daji

Kansa tana bazuwa ne idan wasu ƙwayoyinta suka ɓalle suka shiga hanyar jini ko hanyar ruwan kaluluwa, suka sami wurin zama a wani sashe na jiki. Halin ƙwayoyin ne ke kawo haka. Jini kuwa ba ya tsayawa don mutum ya kwanta. Zuciyar Umma tana bugawa kusan sau dubu ɗari a yini, ko tana kan tabarma ko tana zagaya tsakar gida. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban masu kansa ba su nuna motsa jiki yana dawo da ciwon ko yana baza shi ba. Wani babban gwaji da aka fitar a 2025, wanda aka yi akasarinsa a Kanada da Ostireliya a kan mutum 889 masu kansar hanji da suka gama kemo, ya ma nuna akasi. Bayan shekara 8, kusan 90 cikin 100 na waɗanda aka sa a tsarin motsa jiki suna raye, a ɗaya rukunin kuma 83. Ki lura, wannan kansar hanji ce, kuma bayan an gama magani ne, don haka ba zan ɗauko adadin in liƙa wa Umma ba. Tattaki kuma ba ya maye gurbin allura ko ɗaya daga cikin huɗun da suka rage.

Abin da na fi so ki gane shi ne abin da kwanciya ke yi wa jiki. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 a gado har sati uku. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna su, sai aka tarar shekarun ba su rage musu ƙarfi kamar yadda sati ukun nan suka rage ba. Samari ke nan da ba abin da ke damunsu. To ina ga mace mai shekara 54 da aka yi wa tiyata, jininta na sauka bayan kowace allura, ba ta iya cin abinci sosai, ana kuma ba ta maganin da ake kira deksa don hana amai, wanda shi ma yakan rage tsokar cinya idan aka yawaita shi? Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ke tayar da mutum daga ƙasa. Su ne kuma na farko da ke tafiya. Da kika ce sai an kama ta take tashi, nan hankalina ya tsaya.

Gajiyar kemo kuma ba irin gajiyar aiki ba ce da barci ke wankewa. Mace za ta kwana ta tashi kamar an yi mata duka. Sai ta ƙara kwanciya, tsoka ta ƙara saki, gobe zuwa banɗaki ma ya zama aiki, sai ta ce a bar ta ta huta. Haka abin ke cin kansa. Daga cikin duk abin da aka gwada a kan wannan gajiya, motsi na cikin waɗanda suka fi tabbata. Yana kuma gyara barci, ya sassauta taurin bayan gida da magungunan amai ke kawowa, ya rage damuwa, ya rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

A bi kwanakin kemo

Farkon fara aikina na yi wani kuskure da har yau nake tunawa. Na ba wata baiwar Allah takarda na rubuta mata tafiyar minti 30 kullum, ban tambaye ta ranar allurarta ba. Mace ce mai bin umarni. Kwana uku da yin kemo ta sa hijabi ta fita, ko ƙarshen layinsu ba ta kai ba amai ya kece mata, jiri ya kwashe ta, maƙwabta suka riƙo ta zuwa gida. Mutanen gidan suka ce ai ga irinta nan, aka mayar da ita gado, sai da aka gama kemo kaf na sake ganinta tana dogara sanda. Tun daga ranar ba na tsara wa kowa komai sai na san ranar allura.

Kwana 21 da ke tsakanin allura da allura ba ɗaya suke ba. Ranar kemo da kwana uku zuwa biyar da ke biye su ne na tashin zuciya da mutuwar jiki. A nan ba a neman komai sai kada yini ya wuce tana kwance ɗungurungum. Ta tashi zaune, ta juya ƙafafunta daga idon sawu, ta taka zuwa ƙofar ɗaki ta dawo, minti biyu ko uku, sau uku ko huɗu a yini. Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 tashin zuciya ya lafa, amma a lokacin ne fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, suke kaiwa ƙarshen saukarsu. Za ta iya tattaki, sai dai a cikin gida ko a layi mara cunkoso. Kasuwa, gidan biki, gidan suna, duk a ɗage, masu dubiya da ke mura ko tari kuma a ba su haƙuri su gaishe ta daga bakin ƙofa. Satin ƙarshe shi ne na samun sauƙi, kuma a nan ake ƙara tsawon tafiya.

Inda ake son kaiwa, bisa shawarar da masanan Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka suka sabunta a 2019, shi ne tafiya ta minti 30 sau uku a sati aƙalla, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a sati. Umma ba daga nan za ta fara ba. Ta fara da minti biyar da safe, biyar da yamma, a zagaya tsakar gida, ke kina gefenta. In ta yi kwana uku ba ta tashi da ƙarin gajiya washegari ba, a ƙara minti biyu. Minti goma sau uku daidai yake da talatin a haɗe. Ma'aunin saurin kuwa yana bakinta: ta riƙa tafiya tana iya yi miki hira, numfashinta ya ɗan ƙaru, amma ba za ta iya jan baitin waƙa ba. In magana ta fara yankewa, ta rage. In kuma gajiyar ta kwana ta wuni, to an zarce, a koma adadin baya.

Don cinya, ba abin da ya kai tashi da zama. A samo kujera mai ƙarfi wadda ba ta nutsewa, a jingina ta da bango. Ta zauna a bakinta, ƙafafu a ƙasa daidai faɗin kafaɗa, ta ɗan sunkuyo, ta miƙe, ta koma a hankali ba faɗawa ba. Sau biyar da farko, ko da tana dafa cinya da hannu. Idan ya yi sauƙi a kai takwas, a kai goma, a huta a sake. Na sha ganin matan da cikin sati uku ko huɗu na wannan kaɗai suka daina jiran a kama su. Kafin nan, ku ɗaga mata wurin zama. Tashi daga tabarma ya fi tashi daga kujera wuya nesa ba kusa ba, kuma wahalarsa ce ke sa ta ƙi tashin gaba ɗaya.

Sallah ma motsi ce, sau biyar a yini. In tana iya tsayuwa ba jiri, ta tsaya, ko da raka'ar farko ce ta ƙarasa a zaune. Ranar da ba ta iyawa, addini ya sauƙaƙa mata. Ƙananan ayyukan gida kuma a mayar mata da su: tsince shinkafa, gyaran zogale, ninke kaya, ɗaukar butarta. Macen da ta shekara talatin tana juya gida, aka wayi gari ko cokali ba a barinta ta ɗauka, zuciyarta ma karyewa take yi. Daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar bokiti cike da tuƙin tuwon gida guda, waɗannan su jira.

Hannun hagu

Bayan irin wannan tiyata mace takan manne hannu a jiki saboda tsoro, kafaɗa ta ƙage. Wata uku ya isa a ce tana ɗaga hannun sama da kai. Gwada ta yau: ta iya ɗaura ɗankwali da hannu biyu? Ta iya taɓa ƙeyarta? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar da kuka je gashi, ko Shika ne ko Sakkwato ko Abuja, za a kwantar da ita a kan injin, hannunta a ɗage bisa kai, ta tsaya haka ba motsi, kuma kullum za a maimaita har a gama. Na ga waɗanda aka ɗage musu fara gashi saboda hannu ya ƙi ɗaguwa.

In miki ya warke, ta fuskanci bango, ta ɗora yatsu, ta riƙa hawa da su sama kamar tafiyar gizo-gizo har inda za ta ji ja, ba zafi mai suka ba. Ta tsaya nan ta ja numfashi sau uku, ta sauko. Ki sa mata alama da alli a inda ta kai. Ganin alamar tana hawa sati bayan sati yana ƙarfafa gwiwa fiye da duk wani lallashi. Sannan ta kwanta rigingine, ta riƙe muciya ko sanda da hannu biyu, ta ɗaga ta zuwa saman kai, hannun dama yana taimakon na hagu. Sau goma-goma, safe da yamma. In ta ji wani abu kamar igiya ya ɗaure daga hammata zuwa gwiwar hannu, yakan faru bayan cire kaluluwa, a nuna wa mai fisiyo.

Tunda an cire kaluluwar hammata, hannun yana iya kumbura saboda ruwan da ke taruwa, ko yanzu ko bayan shekaru. Da can ana hana irin waɗannan mata ɗaukar komai da hannun har abada. A 2009 Kathryn Schmitz da abokan aikinta a Jami'ar Fensilbaniya suka gwada mata 141 da hannunsu ya riga ya kumbura. Rabi suka riƙa ɗaga nauyi sau biyu a sati, daga ɗan kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali, sanye da safar hannu mai matsewa. Kumburin ya tasar wa 14 cikin 100 nasu, a cikin waɗanda ba su ɗaga komai ba kuwa 29. Hannu mai ƙarfi ya fi jure aiki. Abin gudu shi ne nauyi na farat ɗaya a kan hannun da ya saba zama. Ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya nauyinta rabin kilo ne, ta isa farawa: ta lanƙwasa gwiwar hannu da ita sau takwas zuwa goma. In zobe ko awarwaro ya fara matse ta, ko ta ji hannun ya yi nauyi, a dakata a nuna. In ya yi ja da zafi, ranar za a je asibiti.

Ranakun da ba a motsawa

Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye kusa da ita. In ya nuna 38 ko sama, ko tana rawar sanyi, ba tattaki, ba kuma zuwa kemis a ce maleriya ce, kada a ba ta farasitamol a zauna jira. A tafi asibiti a take, a faɗa tun daga bakin ƙofa cewa tana karɓar kemo. Zazzaɓi a lokacin da fararen ƙwayoyin jini suka sauka yana iya kai mutum ga halaka cikin sa'o'i.

Haka ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe tana zaune, ko bugun zuciya ya rikice, ko jiri har ta nemi faɗuwa. Jar allurar nan da ake yawan bayarwa a kansar nono, dokzorubisin, wadda ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, tana iya taɓa zuciya, don haka haki da ba a saba gani ba ko kumburin ƙafafu biyu abin gaya wa likita ne. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sha-raɓa ya yi zafi da tauri, don Allah kada a yi mata tausa, kada a gasa da ruwan zafi. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, masu kansa sun fi kowa haɗarinsa, kuma matsa wurin na iya ɓallo shi zuwa huhu.

Sai ciwon ƙashi. Kansar nono takan je ƙashi, kuma ƙashin da ta taɓa yana iya karyewa da ɗan abu kaɗan. Sabon ciwo a baya, ƙugu ko haƙarƙari wanda ya tsaya wuri ɗaya, ya fi tsanani da dare, a tsayar da komai sai an duba. In ya haɗu da sanyin ƙafafu ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, wannan gaggawa ce ta wannan daren, ba ta ranar kilinik ba.

Takardar gwajin jinin da ake yi kafin kowace allura tana da amfani a nan ma. In PCV, wato ma'aunin yawan jini, ya sauka wajen 24 ko ƙasa, jini ya yi ƙarancin da tafiya mai tsawo za ta wahalar da zuciya, sai motsin cikin ɗaki har likita ya gyara. In filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sun gaza 50,000 (wasu takardun 50 kawai suke rubutawa), a ajiye ɗaga nauyi da duk abin da zai iya kayar da ita. Ranar da ta yi amai ko gudawa sosai, ruwa za a nema mata, tattaki ya jira gobe.

Idan aka sauya mata allura zuwa dangin faklitaksel, tafin ƙafa da yatsu sukan sage, ta ji kamar tana taka auduga ko ana tsira mata allura. Ba a daina tafiya don wannan, amma a bar silifas, a sa takalmi mai rufe dunduniya, a kawar da turmi, kwanuka da igiyar shanya daga hanya, ta bi jikin bango, a kuma gaya wa likita don yakan rage adadin maganin. Lokacin gashi kuma fatar wurin ba ta son gumi da gugar kaya, sai riga mai laushi ta auduga, mara matsi.

Zafinmu ma abin lissafi ne. Daga Maris zuwa Mayu rana takan haura maki 40, mai karɓar kemo kuwa ruwan jikinta saurin ƙarewa yake. Bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, su ne lokutan, da ruwa a hannu. Da hunturu, in ƙura ta yi yawa, a yi a cikin falo. In azumi ya riske ta tana kemo, a tambayi likita kafin ta ɗauka. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya.

Duk wannan na faɗe shi ne ban ga Umma ba. Ban san matakin ciwonta ba, ban ga hoton ƙashinta ko na zuciyarta ba, ban san ko tana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon gwiwa ba, kuma kowanne yana iya sauya tsarin. Wanda ke riƙe da fayil ɗinta shi ke da magana ta ƙarshe. Ranar kemo ta uku ki tambaye shi kai tsaye ko akwai wani abu a ƙashinta, zuciyarta ko jininta da zai hana ta tafiya da ɗaga ɗan nauyi, sannan ki roƙi ya rubuta muku takardar zuwa sashen fisiyo a auna kafaɗar kafin lokacin gashi.

Ki kuma tafi da babbar gwaggonku ranar, ta ji da kunnenta daga bakin likita. Daga bakinki zai zama 'ya tana musu da iyaye, kuma ba za a ji daɗi ba. In ta gamsu, ki roƙe ta ita ta riƙa riƙe hannun Umma a zagayen yamma, ke ki ɗauki na safe.